Furen Daliya da Maganar da Ado Ya Cinye

A tsaunukan ƙasar Meziko, idan damina ta kankama, daga watan Yuli har zuwa Oktoba, akwai wani tsiro da ke fitowa a gefen dazuzzukan itatuwan fayin da ok, a bakin hanya, a tsagar dutse, duk inda inuwa ta yi rangwame rana ta samu ta leƙo. Ba wanda ya shuka shi, ba kuma mai yi masa ban-ruwa. Da rani ba abin da za ka gani sai busasshen kara, domin ransa na can ƙarƙashin ƙasa, cikin wasu saiwoyi masu kauri da ya cika da guzuri. Ruwan farko na sauka sai ya tofo, ya miƙe ya kai ƙugun mutum, wani ma ya wuce kansa, sannan ya fitar da fure ja wur, ko ruwan lemo, ko rawaya. Wannan ita ce daliyar daji, wadda masana tsirrai ke kira Dahlia coccinea, kuma tana cikin kakannin daliyar da ake taƙama da ita yau a lambunan Turai da Amurka da Japan.

Danginta sun kai iri 40, kuma yawancinsu 'yan tudu ne, mazauna tsakanin mita 1,500 da mita 3,700 sama da teku. Don mai karatu ya auna, ƙololuwar Chappal Waddi ta jihar Taraba, wadda babu tsaunin da ya fi ta tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ce, shi kuwa birnin Meziko yana zaune ne a kan mita 2,240. Wato inda mu muke ganin hawa ya kusa ƙarewa, su a nan kasuwarsu take ci. A cikin dangin akwai wata doguwa, Dahlia imperialis, da takan kai mita 8, karanta gaɓa-gaɓa da rami a ciki. Launi da tsawo dai kowa ya gani ya yaba. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka gina furen, da abin da ya same shi bayan ya shiga hannun mutane, domin abin da ya sami daliya shi ne ke samun magana a bakinmu yau.

Tsinko guda ka kawo shi kusa da ido. Za ka ƙirga ganyaye takwas masu launi a kewaye, a tsakiyarsu kuma wani ɗan faifai rawaya da bai wuce faɗin kwabo ba. Wanda bai saba ba zai ce ai fure ɗaya ne mai ganye takwas. A'a. Kowane ɗaya daga cikin takwas ɗin nan fure ne mai zaman kansa, wanda ya miƙe gefe guda ya yi faɗi. Faifan tsakiya kuwa taro ne na ƙananan furanni, gommai, a cunkushe, kowanne ɗan bututu ne mai tsaga biyar a baki. Tara jama'a a kai ɗaya ɗabi'ar gidansu ce gaba ɗaya, shi ya sa tsohon sunan gidan a wajen masana yake nufin "haɗaɗɗu". Gida ne babba mai iri fiye da 25,000, kuma mun san 'ya'yansa da dama: sanfulawa mai bin rana da ake matse mai daga ƙwayarta, latas ɗin da ake yankawa a salak, shuwakar miya, tazargade, har da kashin yawo da ke addabar manomi.

Aiki kuma a rabe yake. Takwas ɗin nan na gefe, duk kyansu, ba sa haihuwa. 'Yan shela ne. Su ke kiran ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi daga nesa, su kuma ba su wurin sauka. Haihuwa tana ga ƙananan nan na tsakiya da ido ke rainawa. Ba sa buɗewa lokaci guda: layin waje ke farawa, na bayansa ya biyo, layi bayan layi cikin kwanaki har a kai cibiya, ta yadda duk ranar da baƙo ya sauka zai tarar da abin lasa. Kowane ɗan bututu yakan fara turo garin nan da manomi ke kira bununi a jikin gero, ya tara shi a baki, ƙudan zuma ya kwasa a ƙafa da ciki ya wuce. Bayan haka sai wani siririn zare ya fito daga cikin bututun, ya rabu biyu, yana jiran garin wani furen. In an dace, bututu ɗaya ƙwaya ɗaya. Babu ƙari.

Masana suna kiran wannan miƙaƙƙen ganye na gefe da wata kalmar Latin mai nufin ƙaramin harshe, saboda siffarsa, ni ma da harshe zan kira shi daga nan. Daliyar daji ke nan: harsuna takwas suna kira, a tsakiyarsu kuma akwai abin da ya sa suke kiran. Duk wanda ya amsa ba zai koma hannu rabbana ba.

Mutanen da ke zaune da ita, masu harshen Nahuatl da muka fi sani da Aztek, sun sa mata suna tun kafin Bature ya taka ƙasar. A shekarar 1570 Sarki Filibus na II na Sifaniya ya naɗa likitansa, Francisco Hernández, ya je ya binciko itatuwan magani na sabuwar ƙasar da suka ci. Daga 1571 zuwa 1577 Hernández ya yi ta yawo yana tambayar masu maganin gargajiya, masu zane 'yan ƙasa suna zana masa, har ya rubuta bayanin tsirrai fiye da 3,000 da sunayen da masu su ke kiransu. A cikinsu akwai acocotli da cocoxochitl, waɗanda masana ke ɗauka daliya ce. Na farkon ya haɗa kalmar ruwa da ta bututu, na biyun kuma ya haɗa bututu da fure. Wanda ya raɗa waɗannan sunaye ya taɓa karya karan da hannunsa ya leƙa ciki. Ya kuma tona saiwar, domin ana cin ta, ana kuma magani da ita.

Rubutun Hernández bai yi sa'a ba. An adana shi a fadar Escorial, wani taƙaitaccen bugu ya fito a birnin Rum a 1651, ainihin littattafan kuma suka ƙone a gobarar 1671. Sai a 1789 Vicente Cervantes, wani masani a lambun binciken tsirrai na birnin Meziko, ya aika da iri zuwa Madrid, ga wani limamin coci masanin tsirrai mai suna Antonio José Cavanilles. Irin ya tsiro ya yi fure, a 1791 kuma Cavanilles ya yi masa suna Dahlia, don karrama Anders Dahl, ɗan ƙasar Suwidin, almajirin Linnaeus wanda ya tsara hanyar sa wa halittu suna biyu-biyu. Dahl ya rasu tun 1789 yana da shekara 38. Bai taɓa zuwa Meziko ba, bai kuma ga furen da duniya ke kira da sunansa ba.

Ba a nan ta tsaya ba. A farkon ƙarni na 19 wani babban masani a Berlin, Carl Ludwig Willdenow, ya ɗauka cewa an riga an ba wani itacen Afirka ta Kudu wannan suna, sai ya canza wa furen suna zuwa Georgina, don karrama Johann Gottlieb Georgi, Bajamushen da ya yi bincike a Saberiya ya zauna a Rasha. Daga baya aka duba aka ga Cavanilles ne ya riga, 1791 ta gabaci 1792 da aka sa wa wancan itacen sunan, sai sunan Dahl ya koma mazauninsa. Amma baki ba ya bin hukuncin masana: har gobe a Rasha da sunan Georgi ake kiran furen. Mutum biyu ke nan, ɗaya daga ƙasar ƙanƙara, ɗaya mai yawo a ƙasar da ta fi ta ƙanƙara, suka yi rabon tsiron da sanyin dare ɗaya mai daskarewa ke baƙanta wa ganye.

Irin wannan ta faɗa wa shuwakarmu. A littattafan masana an daɗe ana kiranta Vernonia, sunan William Vernon, Baturen Ingila da ya yi tsince-tsincen tsirrai a Maryland ta Amurka a ƙarshen ƙarni na 17. Kashin yawo kuwa baƙo ne a wurinmu, asalinsa nahiyar Amurka ne kamar daliya, amma duk wanda ya taɓa ratsa saura ya fito da ƙayarsa maƙale a ƙafar wando ya san dalilin "yawo" a cikin sunan da Bahaushe ya sa masa. Sunaye iri biyu ke nan. Akwai wanda ke nuna maka abin, akwai wanda ke nuna maka mutumin da ake son a tuna. Ba na raina na biyun. Albarkacinsa ne masani a Zariya da masani a Tokiyo ke gane cewa tsiro ɗaya suke nufi, kuma ƙa'idar "wanda ya riga shi ke da suna" ta kashe rigingimu da yawa. Sai dai a lura: tun ranar da aka yi wa daliya sabon suna a Madrid, kara da saiwa suka fita daga lissafi. Ido kaɗai aka bari da ita.

Turawa sun ɗan gwada cin saiwar ko za ta yi musu abin da dankali ya yi, ba ta yi musu daɗi ba, suka bar wa masu lambu. Masu lambu kuwa suka tsinci dami a kala. Daliyar da ta isa hannunsu haɗin jinsi ce mai kwafi takwas na ƙwayoyin gado, alhali ɗan Adam kwafi biyu gare shi, saboda haka duk irin da aka shuka sai ya fito da sabuwar kama. Wani lokaci a cikin ɗaruruwa sai a sami guda wadda wasu ƙananan furanninta na tsakiya suka rikiɗe suka zama harsuna. Mai lambu ya ware ta, ya haɗa ta da wata irinta, ya sake zaɓe. Takwas suka zama goma sha shida, suka zama hamsin, suka wuce ɗari. Ba a yi nisa cikin ƙarni na 19 ba sai ga daliya dunƙulalliya, harshe kan harshe, babu ko ɗigon rawaya a tsakiya.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Aka fitar da mai kama da ƙwallo, da mai harsuna a murɗe tsini-tsini, da ƙatuwa mai faɗin santimita 30, da kowane launi in ban da shuɗi, wanda ya gagari masu lambu saboda tsiron ba shi da sinadarin da ke haɗa shi. Ƙungiyar masu lambu ta masarautar Ingila, wadda ke riƙe da rajistar duniya, ta rubuta sunaye fiye da 50,000: sunayen bishop-bishop, da na matan manya, da na garuruwa, har da na kofi da madara. Gwaninta ce ta gaske, ta kuma ciyar da gidaje da dama a Holan da Ingila da sauran wurare. Wanda ya ce ba ta da kyau bai faɗi gaskiya ba.

Amma a duba da me aka biya. Kowane sabon harshe daga jikin mai haihuwa aka yanko shi. Ƙudan zuma zai hango launin daga nesa, ya zo, ya yi ta kewaye ya rasa ƙofa, sai fa in furen ya tsufa harsunan sun saki, ɗan abin da ya rage a ciki ya bayyana. Ƙwayar da take yi kaɗan ce, in ma an shuka ta ba ta maimaita uwarta, don haka sai a raba saiwa ko a dasa reshe. Kan ya yi wa kara nauyi, dole a kafa sanda a ɗaure shi, in ba haka ba ruwa ɗaya mai iska ya kwantar da shi. A ƙasashen sanyi kuma kowace shekara sai an tone saiwar an kai ɗaki. Tsiron da ke rayuwa a tsagar dutse ba da taimakon kowa ba ya koma ba ya iya tsayuwa sai an riƙe shi. Kiran ya ƙaru ninki goma, abin da ake kira dominsa ya kusa ƙarewa.

Ɗaliban balaga a zaurukan Kano da Sakkwato da Zariya sun san tsohuwar muhawarar nan ta lafazi da ma'ana. Jahiz, malamin Basra na ƙarni na 9, yana ganin ma'anoni kowa na iya tsintarsu, gwaninta tana ga zaɓen lafazi da ƙera shi. Abdulƙahir al-Jurjani, wanda ya rasu a 1078, ya zo a littafinsa Dala'ilul I'ijaz ya nuna cewa fasaha ba ta zaune cikin kalma ita kaɗai, tana ga nazmu ne, wato yadda aka jera kalmomi gwargwadon abin da ma'ana ke bukata. Da za a kai ƙarar gaban daliyar daji, bayan Jurjani za ta bi. Harsunanta ba su da laifi, tsakiyarta ma ba za ta iya ita kaɗai ba. Abin da ke sa ta haihu shi ne kowa ya tsaya a matsayinsa, masu kira a gefe, masu aiki a ciki, kuma na gefe ba su ci rabon na ciki ba.

To, mu shiga zauren taron ƙaddamar da littafi, irin wanda kowa a cikinmu ya sha halarta. Mai gabatarwa ya karɓi lasifika. Ya fara da mai girma babban baƙo, ya jero sarautunsa na gargajiya da digirorinsa na girmamawa da lambobin yabon da ƙungiyoyi suka ba shi. Ya koma kan uban taro, da uwar taro, da babban mai ƙaddamarwa, da masu tallafa masa, kowa da kirarinsa. Duk wanda ya hau mumbari kuma sai ya sake bin jerin daga farko, kada a ce ya raina wani. Littafin yana kan tebur a naɗe da leda da jan ƙyalle. Can rana ta yi tsaka sai a kira mai sharhi, wanda shi kaɗai ne a ɗakin ya karanta shi daga bango zuwa bango, a raɗa masa a kunne cewa ya taƙaita, babban baƙo zai bi jirgi. A watse, kowa ya san wa ya ba da miliyan nawa, ba wanda ya san me marubucin ya ce.

Ko kuma sanarwar da ke biyo bayan gobarar kasuwa. A cikinta za ka ji alhini da jimami da kaɗuwa, da jaje ga ɗaukacin al'umma, da tabbacin cewa hukuma na bakin ƙoƙarinta ba dare ba rana, da albishir na kwamiti mai ƙarfi da zai duba lamarin da idon basira. Ɗan kasuwar da shagonsa ya zama toka yana tsaye da rediyo a kunne, abu huɗu kawai yake jira: nawa, yaushe, a ina, a hannun wa. Ya saurara har ƙarshe. Launin ya kira shi, ya zo, ya kewaya, ya rasa ƙofa.

Ɓarnar ba ta tsaya ga taro ɗaya ko sanarwa ɗaya ba, kalmomin kansu ne ke jin jiki. Da, in aka ce wane gwarzo ne, akwai ranar da za a iya nuna maka, da wurin da ya tsaya sa'ad da kowa ya gudu. Yau kowace fosta gwarzo ce, kowane ɗan takara jajirtacce ne, haziƙi, uban marayu, gatan talakawa. Dakta da Ambasada da Kwamared sun yi yawa har masu su na ainihi sun fara jin nauyin amsawa. Da kalma ɗaya ta daina isa sai a ƙara ta biyu, ta biyu ta gaji a ƙara ta uku, kamar dai yadda mai lambu ya yi. Ranar da gwarzon gaske ya bayyana, malamar asibitin da ta ƙi barin marasa lafiya lokacin annoba, ko direban da ya janye tankar mai tana ci da wuta daga cikin unguwa, sai mu laluba baki mu tarar mun riga mun kashe kalmar a kan wanda ya raba atamfa.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba kira nake a aske wa magana ado ba. Shuwaka, 'yar uwar daliya, ba ta da harshe ko ɗaya a furenta, ƙananan bututu ne kawai, kuma ga amfani har ya yi yawa, amma ba a taɓa kai wa amarya ita ba. Akwai rubuce-rubucen masana cike da ilimi da ba wanda ke iya wuce shafin farko, akwai kuma masu gaskiya da suka rasa mai saurare saboda ba su iya sallama ba. Bahaushe da ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma ya san abin da yake faɗa. Doguwar gaisuwarmu, daga kwana zuwa gajiya zuwa iyali zuwa sanyi, ba ɓata lokaci ba ce, wurin sauka ce ake shimfiɗa wa baƙo kafin a ji abin da ya kawo shi. Maroƙin da ya san aikinsa ma, in ka saurare shi da kyau, tarihi yake ba ka: wane ya haifi wane, wa ya gina ganuwa, wa ya ciyar da gari shekarar yunwa. Zugar tana kewaye, aikin yana tsakiya. Na banza shi ne wanda za ka ɗauke kirarin da ya yi wa wannan ka ɗora wa wancan, ya zauna daram.

Su ma Aztek ɗin da suka sa wa daliya sunan bututu ba makafin kyau ba ne. Sarakunansu sun yi manyan lambuna, irin na Huaxtepec inda Hernández kansa ya zauna ya yi aiki, kuma a harshensu in ana nufin fasahar waƙa sai a haɗa kalma biyu a ce fure da waƙa. Sun san fure abin so ne, sun kuma san karansa da saiwarsa. Ba su ga dalilin zaɓar ɗaya su bar ɗaya ba.

Me ya sa ado ke cin tsakiya, ba tsakiya ke cin ado ba? A lambu amsar a fili take: mai saye da ido yake saye. A magana kuwa akwai ƙarin dalili, shi ne ado ba ya ɗaure mai shi. Wanda ya ce yana bakin ƙoƙarinsa ba ranar da za a kama shi da ƙarya. Wanda ya ce ranar Litinin za a biya kowane mai shago kaza a ofishi kaza ya sa wuyansa a igiya, domin Litinin za ta zo. Magana zarar bunu ce, amma mai ƙwaya ce kaɗai ake jin zararta. Saboda haka mai tsoron alkawari yakan fake a cikin harsuna, mu masu saurare kuma mu tafa masa, mu ce ya iya magana. Mu ne masu lambun. Abin da muka yaba shi ake sake shukawa.

Ranar 13 ga Mayu, 1963, shugaban Meziko Adolfo López Mateos ya sa hannu a dokar da ta mai da daliya furen ƙasa. Ta koma gida da sunan baƙo, da suturar da aka ɗinka mata a Turai, aka karɓe ta da murna. Abin da ya cece ta shi ne ta daji ba ta mutu ba. Tana nan a tsaunuka, har ma a cikin babban birnin, a filin daskararren amon dutse na Pedregal da babbar jami'ar ƙasar ta keɓe tun 1983, inda take fure duk damina da harsunanta takwas. Mai neman sabon jini don ƙarfafa irin lambu, wurin 'yan dajin zai koma. Har masu lambun Turai a 'yan shekarun nan sun fara komawa ga mai buɗaɗɗen ciki, tun da aka shiga damuwa kan raguwar ƙudan zuma.

Hausa ma tana da nata dajin, kuma bai ƙone ba tukuna. Yana bakin mutanen da kalma ke yi wa aiki: manomin da ke da suna daban ga kowane matakin girman gero, maƙerin da in ya kira ƙarfe da sunan da ba nasa ba yaronsa zai miƙo masa abin da bai nema ba, mai tallar da ke da numfashi ɗaya ta faɗi abin da ke kanta da kuɗinsa, ungozomar da ba ta da lokacin kewaye-kewaye. A 1916 wani likita ɗan Sikotilan, J. M. Dalziel, ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa da ya tattara daga bakin irin waɗannan mutane. Yau ɗan sakandare a birni zai iya jero maka kalmomin yabo ashirin, amma ka nuna masa ciyawa biyar a bayan makarantarsu, ciyawa zai ce maka duka. Marubucin da ke son kalmominsa su haihu, wurin waɗancan zai je ya zauna ya saurara, ba wurin lasifika ba.

Don haka ga roƙona ga 'yan uwa masu alƙalami, da masu gabatar da taro, da masu rubuta wa manya jawabi. In kun gama rubutu, ku cire kalmomin yabo da na alhini ku ajiye gefe, ku duba abin da ya saura. In akwai suna, da aiki, da rana, da adadi, da abin da mai saurare zai tafi da shi gida, to ku mayar da ado daidai gwargwado, ya kira mutane su zo. In kuwa ba abin da ya saura, ba ƙarin kalmomi kuke bukata ba, abin faɗa ne ba ku samu ba tukuna. Ku adana "gwarzo" har sai gwarzo ya zo. Mu kuma masu saurare mu daina tafa wa wanda ya tara mu bai ba mu komai ba.